Katin da Na Cire wa Malama Asabe

Ku da kuke zuwa shagon nan kuna cewa a koya muku gyaran kwamfuta cikin sati biyu, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar nan da na duƙa ina ɗaure wa 'yata Nana takalmi. Wai aikin Anti Rabi ai danne-danne ne kawai, ko akuya aka zaunar gaban allon za ta yi. Ni bakina ba shi da sauri, sai na koma gida amsa take zo mini, ta hana ni sakat. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Rubutun 'yar aji huɗu ne, ku yi haƙuri da shi.

Daga wajen Zurmi muka taso muka dawo Ƙaura, lokacin da zaman ƙauyenmu ya gagara. Ƙanen mahaifiyata, Kawu Bala, yana da wannan shago kusa da tasha. Shara da cajin waya aka sa ni, ba gyara ba. Kawu ba ya koyarwa da baki. In ka tambaye shi sai ya ce, "Ina idonki yat tahi?" To sai na bar tambaya na koma kallon hannunsa. Turancin da ke kan allo ban iya karanta shi ba, har yau ma rabinsa nake ganewa. Siffa nake riƙewa: layi na uku daga sama, kalmar nan doguwa mai wutsiya, akwatin da ke gefen dama. Lamba kuwa ba ta ɓace mini.

Kayan aikina duk suna cikin gwangwanin madara ɗaya. Sukundireba uku ƙanana, tsohon buroshin haƙori, tsohon katin roba na ɓamɓare murfi, filas huɗu kowanne da zaren da na ɗaura masa don kada su rikice mini, sai littafina. Akwai kuma wani siririn ma'auni mai launi uku, kore da rawaya da ja, wanda kuke ta tambayata me yake yi a cikin kayan kwamfuta. Zan zo kansa.

Abin da aka fi kawo mini shi ne laftof ta daina ganin waifai. A cikinta akwai ɗan kati, bai kai akwatin ashana ba, da wayoyi biyu sirara, baƙa da fara, maƙale a jikinsa. Shi ne kunnenta. Amma windo, babban shirin da ke tafiyar da kwamfutar, ba ta jin yaren katin sai da tafinta, wani ɗan shiri da muke ce wa direba. Kowane kati da nasa. In tafintan ya ɓata, ko aka sa wanda ba nasa ba, kunne yana nan lafiya lau amma ba abin da zai shiga. Ku kuwa da kun ga haka sai ku ce a goge komai a zuba sabuwar windo. Ƙaya ta soki mutum a ƙafa, ku ce a yanke ƙafar.

Aikin da ya fara sa Kawu ya dube ni, na wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa. Ya zo a fusace, wai an cuce shi a Kano, an sayar masa da matacciyar laftof, ba ta ganin waifai. Kawu har ya ɗauko faifan windo. Ni ina shara na lura cewa duk sanda Alhaji zai tura ta cikin jakarsa ta fata, gefenta yana gogar bakin jakar. Na ce, "Kawu, akwai wani ɗan maɓalli ga gefe." Aka tura shi gaba, fitila ta kama. Alhaji ya ce, "Au! Wagga ɗiya ta hi ka, Bala." Kawu bai yi dariya ba. Amma washegari na tarar ya ajiye mini kujera kusa da tasa.

Ta wata malamar makarantar 'yan mata ta fi ba ni wahala. A shago waifai yana aiki, ta kai gida ya ɗauke. Sau uku tana dawowa. Na sauya direba, na goge, na mayar, na duba wayoyin nan biyu ko ɗaya ta zame. Kwana biyu ko tuwo nake tuƙawa ita ce a raina. Ranar ta huɗu tana zaune aka ɗauke wuta, nan take waifai ya mutu a gabana. Ashe in ta koma kan batir sai windo ta kashe katin don ta rage cin caji, gidan malamar kuma ba wuta. Wani ɗan akwati ne kawai za ka cire wa alama. Daga ranar na koyi tambayar mai kaya: a ina kike amfani da ita, da wane lokaci, me ya faru kafin ta tsaya? Na ɗauka na koya ke nan. Ashe da saura.

Littafin nan shi ma daga lokacin na fara shi. Duk kwamfutar da ta shigo, ina shiga jerin kayan cikinta in nemo lambobin katin, huɗu a gaba, huɗu a baya, in rubuta, da irin windon da ke kai, da sunan mai ita da garinsu. Sunan da ke bisa murfi ba ya gaya maka komai. Kwamfutocinmu duk na hannu ne, sun bi ta hannun masu gyara goma kafin su iso Ƙaura, kowa ya cire wani abu ya sa wani. Kawu yana yi mini tsiya, wai ina ƙidayar jama'a.

Sai shekarar da aka yanke sabis. Kun san ta, wasunku kuna makaranta lokacin. An wayi gari waya ba ta kira, ba ta karɓa, duk faɗin jiha. An rufe kasuwannin mako, mai ya yi wuya. Kawu ya ga ba aiki, ya tafi Sakkwato neman maganin idonsa ya bar mini makulli. Nana tana wata tara, tana bayana.

Satin farko shago ya cika maƙil. Kowa ya ɗauka tasa ce ta lalace. Ina ta cewa, "Baba, ba taka ba ce, sama aka rufe, ka koma gida." Masu haƙuri suka koma. Marasa haƙuri suka shiga tone-tone da kansu, suka goge direbobin da ba ruwansu. Ga shi direba a intanet ake sauko da shi. Ka ga an kulle ɗaki, makullin kuma yana ciki.

Wata Litinin da hantsi wata mata ta shigo, doguwa, da farin hijabi da ya sha hanya. Ta ce sunanta Asabe, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan asibiti wajen Katuru. Ta fito da laftof baƙa mai kauri daga cikin zani ta ɗora a tebur kamar jariri.

"Ina Bala?"

"Ya yi tafiya, Malama. Ni ce."

Ta dube ni, ta dubi goyona. "Ke ce mi?"

"Ni ce mai gyaran."

Ta ja kujera, don ba ta da wani wurin zuwa. Mai gyaran Shinkafi ya rufe ya bar gari. Ta yi mini bayani. A cikin kwamfutar akwai sunayen yaran da ke fama da tamowa a wajensu, waɗanda ake ba gyaɗar nan ta leda. Duk wata sai ta tura jerin kafin a loda wa asibitinsu kasonsa a mota. In bai tafi kafin azahar ɗin Alhamis ba, motar za ta taso ba nasu, sai kuma wani watan. Jerin yana cikin wani shiri da ba ya fita ta filas, sai daga wannan kwamfutar. Akwai wani ofis a Shinkafi mai farantin intanet a kan rufi, wanda yanke sabis bai shafa ba, can suke zuwa su tura. Abokin aikinta ne, garin neman gyara, ya goge direban.

Na buɗe jerin kayan ciki. Ga alamar nan rawaya mai kusurwa uku a kan katin. Na gwada filas mai jan zare, na gwada mai kore, har huɗun. Babu wanda ya karɓa. Nana ta fara ƙananan kuka, Malama tana ta kallon ƙofa saboda motar komawa. Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai. Na kwance murfin baya, na cire katinta na jefa a gwangwani, na ɗauko wani daga matacciyar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, wanda nake da direbansa. Na maƙala baƙa da fara. Na kunna waifai na wayata don gwaji, ko da ba sabis ai ana ganin sunan. Nan take ya fito.

"Kai! Allah shi yi maki albarka, ɗiyata," in ji ta. Ta naɗe ta a zani ta fita da sauri.

Ban tambaye ta komai game da ofishin ba. Ni da nake taƙama da tambaya.

Laraba da safe ina buɗe shago na gan ta tsaye. Ko sallama ba ta gama ba.

"Mi kinka yi mata?"

"Malama, ai a gabanki ta yi."

"Tana ganin waifai nasu, shi ko ba ya barin ta shiga! Wuni guda ina zaune bakin ofis awa mai bara. Sai wani akawu yac ce mani, wai na'urarsu da lambar kati taka gane kwamfutocin da anka yarda da su. Tawa yanzu baƙuwa ta. Wanda ka rubuta sabbi ya tahi Gusau, ba waya balle a kira shi." Ta zauna, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Sau ukku ke nan ina bin hanyar ga, kin san ko wace hanya ta. Jiya mota biyu munka wuce ba kowa ciki, ƙofofi buɗe."

Na juye gwangwanin a tebur, ina addu'ar Allah ya sa ban yar da katinta ba. Yana nan. Na mayar da shi mazauninsa, alamar rawaya ta dawo. Mun koma inda muka fara, kuma saura kwana ɗaya.

Na kwafi lambobinsa a tafin hannuna, na buɗe littafi. Shafi bayan shafi, ina bi da yatsa. Malama ta ce, "Hatimi kika nema?" Can wajen tsakiya na gan su, huɗu da huɗu, daidai. Malam Garba, tsohon hedimasta, Banga. Ni da kaina na zuba masa windo bara, irin ta Malama sak. Direban da nake nema yana zaune cikin kwamfutarsa.

Na ce, "Malama, zan je Banga in dawo."

"Da goyon?"

Na kai hannu ina gyara majanyi.

"Kwanto ta ki ba ni. Hanyar ga ba ta yara ba ce."

Ban taɓa barin Nana a hannun wanda ban sani ba. Na ba ta nono, na miƙa ta, na koma na gyara mata hula, na sake komawa na nuna inda ruwa yake, har Malama ta ce, "Ke, ɗiya shidda na haifa, tahi!" Na biya ta rumfar hatsi wajen Baban Nana, tunda ba halin kira. Ya ce in nemi Sale maƙwabcinmu mai babur, kuma kada la'asar ta same mu a waje.

Lokacin girbin gero ne. Malam Garba ba ya gida, sai gona muka bi shi. Muka same shi cikin karan da aka kwantar, ya ɗaura rawani a ƙugu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce a'a tun kafin in rufe baki. Takardun filayen gari da sunayen ɗalibansa na shekara da shekaru suna ciki, ba mai taɓa ta.

"Baba, ba zan tafi da ita ba. A gabanka zan ɗiba."

"To, in kin ɗiba, ni mi ar rage mani?"

Ban san yadda ake bayaninsa da Turanci ba, balle in burge hedimasta. Na ce, "Baba, in maƙwabciya ta shigo da kasko ta ɗebi wuta a murhun Inna, ta Inna mutuwa take yi?"

Ya dube ni, ya dubi Sale. "Wa yak koya maki wagga magana, Bala?"

"Kawu ba ya magana, Baba."

Ya yi dariya har da tari, ya sa gaba muka bi shi gida.

A zaure ya fito da ita daga cikin akwatin ƙarfe. Na kunna. Caji sha huɗu. Banga ba wuta, janareton gari ba mai. Na rage hasken allo har sai da na kanga hannu nake gani. Windo tana da wani rumbu inda take tara direbobi, ɗaruruwa, kowanne da suna dogo kamar an zubar da haruffa a ƙasa. Na shiga wajen katinsa na ga sunan nasa, na rubuta a ɗaya hannun da biro, na shiga rumbun ina gwadawa harafi da harafi. Uku suka fito masu kama da juna. Caji tara. Sale ya leƙo ya ce, "Rabi, rana hwa ta juya." Malam yana tsaye a kaina yana tambaya ko takardunsa suna nan. Ban tsaya zaɓe ba, na kwashe duka ukun na tura a filas mai jan zare. Koren layin nan ya fara rarrafe. Ya kai rabi ya tsaya. Ni dai ina kallonsa, a raina kuma ina lissafin tun yaushe Nana ta sha nono. Caji biyar. Ya motsa. Yana cika na zare filas, ban kai ga kashe ta ba ta mutu da kanta.

"Kin kashe mani ita!"

"Yunwa ce, Baba. Ka aiko da ita ran da ka samu mai zuwa, in cika maka ita."

Ya rako mu har bakin hanya da damin gero ɗaya, wai na jikarsa Nana.

Ana kiran la'asar muka shigo Ƙaura. Na tarar da Nana tana barci a cinyar Malama, hannun rigarta a naɗe. Malama tana riƙe da siririn ma'aunin nan mai launi uku. Na gane shi, na sha ganin ana zagaya shi a dantsen yara don auna tamowa.

"Me ya nuna?"

"Yi aikinki tukuna."

"Malama, me ya nuna?"

"Rawaya. Ba ta kai ja ba. Yi aikinki."

Na zauna. Na nuna wa windo hanyar filas. Na farko ta ƙi. Na biyu ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sai allon ya ƙifta, alamar rawaya ta ɓace. Sunan wayata ya fito a ƙasa. Na kashe na kunna sau uku, na cire caji na gwada a batir, na cire alamar nan ta rage cin wuta don kada ta yi mata irin ta malamar makaranta. Amma ko ofishin zai karɓe ta, wannan ba wanda zai gaya mini a Ƙaura.

A gidanmu ta kwana. Da sassafe ta bi motar farko.

Daga nan shiru. Ba waya. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Duk motar Shinkafi da ta shigo tasha sai na fita na tsaya, in ga ko wani zai nufo shago. Masu lodi har sun gane ni, suna cewa, "Injiniya, yau ma ba saƙo." In na dawo sai in kama dantsen Nana in zagaya da yatsa biyu, ban san ma me nake aunawa ba. Ko ta isa? Ko an tare su? Ko lambar ba ita ce matsalar ba tun farko? Na buɗe littafi na sake duba lambobin ya fi sau ashirin, kamar za su sauya.

Rana ta tara wani mai mota ya tsaya a ƙofa ya ce, "Wace ce Rabi mai kwamfuta?" Ya miƙo mini ambulan. A ciki akwai ledar gyaɗar tamowa, an shanye, an wanke ta, an ninke. Sai ma'aunin. Sai 'yar takarda da manyan haruffa, don ta san karatuna: "Kaya sun iso. Ki riƙa auna ta duk Juma'a. In ya taɓa ja, ki kawo mani ita."

Bai taɓa ja ba. Kafin a buɗe sabis ya koma kore.

Da Kawu ya dawo na ba shi labari duka, har da inda na yi kuskure. Ya ɗauki littafin ya daɗe yana juya shi kusa da idonsa mai lafiya. Ya ce, "Sayo wani, wanga ya kusa cika." Iyakar abin da ya ce ke nan.

To ga amsar tambayarku. Jiya ma na ga ɗayanku ya kai hannu zai kwance murfin kwamfutar wani bawan Allah tun mutumin bai gama zama ba. Shi ya sa na ɗaure sukundirebobin nan uku da ma'aunin Malama Asabe. Duk wanda zai ɗauka sai ya tsaya ya warware shi, kore, rawaya, ja. Kafin ya gama warwarewa, ya ɗaga kai ya tambayi mai kaya inda za ta da ita, da kuma wa ke jira.